Gubar da Kawu ya yi shekaru yana ja a tirela, ashe tana cikin rogon Mma

Ranar Lahadin da ta wuce na shigo gida na tarar Mma ta jawo bokitin garinta tsakar gida wai zubarwa za ta yi. Garin rogo fa, olonka huɗu cif, wato gwangwanin awo huɗu, a wannan tsadar da ake ciki. Na ce Mma lafiya, ɓera ya faɗa ciki ne? ta ce ina ma ɓera ne, sai ta miƙo min wayarta. Wata murya ce aka turo musu a gurup ɗin matan makarantar dare, wata mata na ta rantse-rantse wai likitoci sun gano guba a cikin gari, sunanta sayanaid, ko kaɗan ka ci sai lahira, kuma duk wanda ya ji bai tura wa mutum goma ba alhakin al'umma na wuyansa. Kun dai san irin muryoyin nan, babu suna babu gari babu sunan likitan.

Kawu na zaune kan benci yana jan carbi, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Yaya in zubarwa za ki yi juye min a leda. Ni da na yi shekara da shekaru ina jan uwar gubar a bayana daga tashar jirgin ruwan Tema ban mutu ba, sai gari ne zai kashe ni?"

Abin da ya ba ni haushi da muryar nan shi ne matar ba ƙarya zalla ta yi ba, da ƙarya ce tsagwaronta da na ce wa Mma share kawai an wuce wajen. Akwai sayanaid a rogo, wannan gaskiya ne. Amma yadda ta faɗe shi ta tsorata tsofaffi a kan abin da su suka fi kowa iya maganinsa, ta kuma bar inda haɗarin yake na gaske ba ta ko taɓa shi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, da ɗan abin da na karanta da kuma wanda na tatsa a bakin Kawu daren nan.

Shi sayanaid ba abu guda ba ne, dangi ne. Abin da ya haɗa su ƙwayar kabon ɗaya ce manne da ƙwayar naitirojin ɗaya, shi ya sa a takarda za ka ga an rubuta CN. In wannan biyun suka riƙe sodiyam sai ka samu sodiyam sayanaid, farin abu kamar gishiri ko kanwa, shi ne na masu haƙar zinariya. In suka riƙe haidirojin kuma sai ya zama haidirojin sayanaid, wanda ruwa ne amma yana tafasa ya zama iska a zafin digiri 26 kacal, wato zafin hantsin Kumasi ma ya ishe shi ya tashi sama. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta wajen suyar gari. Sunan kuwa daga yaren Girka ya fito, kuma ma'anarsa shuɗi mai duhu, abin dariya ga abin da yake fari fat. Dalili shi ne a farkon shekarun 1700 wani mai haɗa fenti a Balin ta Jamus ya yi kuskuren haɗi ya samu wani shuɗin fenti mai kyau, to daga cikin wannan fentin ne wani masani ɗan Suwidin mai suna Scheele ya ciro gubar a 1782. Sunan fentin ya bi ta har yau.

Yadda take kisa shi ne ya fi ba ni tsoro. Ba huhu take toshewa ba, mutum na shaƙar iska lafiya lau, jini ma na ɗaukar oksijin yana kaiwa ko'ina, amma can cikin ƙwayoyin jiki inda ake ƙona oksijin ɗin a samu ƙarfi, nan take zuwa ta kama injin ta riƙe. Kamar a ce an kawo buhunan masara har ƙofar mai niƙa an jibge amma an cire bel ɗin injin. Abinci ga shi, yunwa na kisa. Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi cin oksijin don haka su ke fara faɗuwa: ciwon kai, jiri, numfashi sama-sama, amai, sai farfaɗiya, sai suma, kuma in da yawa ne duk wannan cikin mintuna ne. Har jinin da ke komawa zuciya yakan zauna ja wur don ba a taɓa oksijin ɗin cikinsa ba. Turawa na cewa tana warin wani ɗan itace nasu mai ɗaci, amma mutane da yawa hancinsu ba ya jin warin sam, halitta ce, gado ne. Kawu ya ce a wajen horo an gaya musu kar wanda ya dogara da hancinsa.

Mugun sunanta a duniya kuwa ta same shi ne da hujja, da ita 'yan Nazi suka hallaka mutane a ɗakunan gas lokacin yaƙin duniya na biyu, da wani maganin ƙwari da ake kira Zyklon B, kuma ita ce aka dama wa mutum sama da 900 a Jonestown ta ƙasar Guyana a 1978. Ba zan tsaya a nan ba.

Toh me ya kawo ta Gana har Kawu ya ci abinci da ita? Zinariya. Mu a kanmu in an ce zinariya sai mu hango dunƙule ana tono shi a rami, alhali a manyan ma'adinai irin su Tarkwa da Ahafo dutse tan guda, kilo dubu kenan, abin da ke cikinsa giram ɗaya ne ko biyu ko 'yan kaɗan, ko da ido ba ka gani. Kuma zinariya ƙarfe ne mai taurin kai, ba ta tsatsa, yawancin asid ba ya cin ta, ka jefa ta a ruwan batir ta fito tana maka dariya. Cikin abubuwa ƙalilan da ke narkar da ita cikin arha akwai ruwan sayanaid in ya samu iska. Wasu mutum uku a Gilasgo ta Sikotilan, John MacArthur da 'yan uwa biyu likitoci Robert da William Forrest, su suka mayar da abin sana'a a 1887, kuma wajen 1890 dabarar ta ceci ma'adinan Afirka ta Kudu lokacin da ramukansu suka yi zurfi suka iso dutsen da zaiba ba ta iya cire masa zinariya sosai. Daga nan duniya ta ɗauka, har yau mafi yawan zinariyar manyan kamfanoni ta wannan hanyar take fitowa.

Aikin a taƙaice, a niƙe dutse ya yi laushi kamar garin tuwo, a dama shi da ruwa a manyan tankuna, a zuba laim, wato farar ƙasa ba lemun tsami ba, sannan a sa sayanaid ɗan kaɗan, tsarkakken ruwa-ruwa ne, ko kashi ɗaya cikin dubu bai cika kaiwa ba. Laim ɗin nan shi ne mai gadi, muddin ruwan na da kaifin laim gubar na zaune a cikin ruwa, in ya yi tsami kuwa sai ta tashi ta zama iskar nan mai kisa, shi ya sa ma'aikatan wajen ke yawo da ɗan na'ura a ƙirji mai ƙara. Zinariya ta narke ta shiga ruwa, sai a zuba gawayi, kuma wallahi da na ji irin gawayin sai da na yi dariya, na ɓawon kwakwa ne, wannan da muke jefarwa a kwata bayan mun sha ruwan. Gawayin ya tsotse zinariyar, a tace shi a wanke a kama ta da lantarki a narka a zuba sanduna. Ragowar taɓon kuma a tura shi wani makeken dam a bayan ma'adinin, kuma yawancin masifun da kuka taɓa ji daga wannan dam ɗin suke.

Nan Kawu ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce kayan ba gari ba ne, dunƙule-dunƙule ne farare kamar gawayin shisha, a cikin babban buhun leda, buhun a cikin akwatin katako mai tan guda, akwatuna ashirin a kwantena, an buga mata sil. A jikin kwantenar akwai allon nan mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, da lamba 6 a ƙasa, da kuma 1689, lambar shaidar sodiyam sayanaid, ya ce ko cikin barci aka tashe shi zai faɗi lambar. Ba a tafiya kai kaɗai, ayari ake yi, motar rakiya a gaba da kayan kariya da na kwashewa in an yi ɓari, kafin a tashi a hura maka na'urar giya ko da kuwa kai Alhaji ne da tabon sallah a goshi, ba tafiyar dare, ba ɗaukar fasinja, ba tsayawa inda ka ga dama, gudu kuma akwai iyaka ana kallonka a kwamfuta daga ofis. "Ɗana," in ji shi, "ni da na ja tumatir daga Burkina ina tsere da rana, sai ga ni ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, trotro na wuce ni suna min hon."

Na ce Kawu me kuka fi tsoro a hanya, 'yan fashi? Ya ce wane ɗan fashi, ruwa. Gada da ruwan sama. Muddin kayan a bushe yake a rufe ba ruwanka, ranar da kwantena ta fashe a cikin rafi kuwa shikenan. Kuma yana da gaskiya, a 1998 a ƙasar Kirgistan wata mota mai kai wa ma'adinin Kumtor kaya ta faɗa daga gada cikin kogin Barskoon, kusan tan biyu ya shiga ruwan da ƙauyuka ke sha. Ya ce duk gadar da zai hau tsakanin Nkawkaw da Konongo sai ya yi bisimilla sau uku. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ya ce sau nawa ya bi ta Anloga Junction ya wuce ta bakin Aboabo ɗin nan tamu, yana hango masu koko da masu wake da shinkafa a bakin titi, yara na tsallakawa da gudu, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya karanta allon.

Ɓarin da ya girgiza duniya shi ne na Baia Mare a Romaniya, Janairun 2000, dam ɗin wani kamfanin zinariya ya fashe ruwa mai sayanaid kusan kubik mita 100,000 ya bi kogi ya shiga kogin Tisza na Hangari har kogin Danube, kifi tan-tan ya taso matacce. Bayansa ne aka fito da wata ƙa'idar duniya ta sarrafa sayanaid a 2002, ita ce ta kawo duk dokokin ayarin da Kawu ke ƙorafi a kai, sai dai ta ganin dama ce, kamfani ne ke sa hannu da kansa a riƙa zuwa ana bincikarsa. Mu ma nan gida ba mu tsira ba. A Oktoban 2001 an yi ɓari a Tarkwa ya shiga kogin Asuman, a Oktoban 2009 kuma aka yi a ma'adinin Newmont na Ahafo, kifaye suka mutu, gwamnati ta ce kamfanin ya biya sidi miliyan 7. Ni dai a ganina kuɗin nan ga mai tono zinariya kuɗin goro ne, amma aƙalla akwai wanda aka kama, akwai ofis da za a je a buga masa ƙofa.

Kuma kar a ɗauka zinariya ce kawai, ita ma ƙaramin kaso take ci. Mafi yawan sayanaid ɗin duniya a cikin masana'antu yake ƙarewa, inda ake juya shi ya zama wani abu daban da ba guba ba: zaren nailan, robar nan mai kama da gilashi ta fitilun mota da allunan shago, wani sinadari da ake sa wa abincin kajin gona don su yi saurin girma. Masu yi wa sarƙa da 'yan kunne wankan zinariya ko azurfa da lantarki suna aiki da shi, a wajen ƙara wa ƙarfe tauri ma ana yi. Har cikin gishirin leda wani lokaci akwai ɗan uwansa da ake sawa don kar gishiri ya dunƙule, amma shi an ɗaure shi tam da ƙarfe ba ya sakin gubar. Bitamin B12 na kemis ma sunansa na asibiti da "sayano" ya fara. Don Allah kar wata ta ji wannan ta je ta yi mana sabuwar murya a kan gishiri.

Mu dawo kan rogon Mma. Rogo ba ya ajiye guba a shirye, wayo yake yi, yana ajiye wani sinadari mai suna linamarin a ɗaki ɗaya, abin da ke kunce shi a wani ɗakin, sai ranar da ƙwaro ko ɓera ko wuƙa ta fasa naman rogon su haɗu gubar ta fito. Makaminsa kenan na kare kai. Akwai rogo mai daɗi, irin wanda ake dafawa a daka fufu, nasa kaɗan ne kuma ya fi yawa a ɓawo, akwai kuma mai ɗaci wanda nasa ya ninka sau da yawa, kuma fari na ƙara masa. Yanzu ku kalli abin da mai gari ke yi: ta fere, ta wanke, ta gurza shi ya zama ɓarza, wato ta fasa ɗakunan nan duka da gangan, ta ɗura a buhu ta danne da dutse kwana biyu uku ruwa na tsiyaya yana tsami, sannan ta zuba a babban kasko kan wuta tana juyawa har ya bushe ƙarau. Kun tuna digiri 26? kaskon suya ya ninka haka nesa ba kusa ba, abin da ya rage ya bi iska. Matan da suka gada wannan aikin ba su taɓa jin sunan Scheele ba amma duk matakin da masani zai rubuta suna yin sa, ɗaya bayan ɗaya. Haka jiƙon rogo da shanya na kokonte, haka kwaɓin banku da ake bari ya yi tsami. Ni a wajena mai suyar garin ita ce abar tausayi ma, da ke tsaye cikin tururin a rumfa mara iska, ba mai sha da sikari da gyaɗa ba.

Inda rogo ke cutarwa shi ne inda yunwa ta hana jira. A Kwango wani likita ɗan Italiya ya rubuta labarin wata cuta a 1938, konzo ake ce mata, ma'anarta ɗaurarrun ƙafafu, mutum ya kwanta lafiya ya tashi ƙafafu sun sandare kuma ba sa dawowa. A 1981 lokacin fari a arewacin Mozambik sama da mutum dubu ta kama. Kullum labarin ɗaya ne, fari ko yaƙi, rogo mai ɗaci shi kaɗai ya rage a gona, ba lokacin jiƙo na kwanaki, ba kifi ba nama ba wake. Wannan na ƙarshen na da muhimmanci, don jikin mutum na da hanyarsa ta kashe ɗan sayanaid kaɗan ya fitar da shi a fitsari, amma sai da sinadarin da yake samu daga abinci mai gina jiki. Wato kifin da ke cikin miyar fufunka ba ado ba ne. Fulanin da ke kawo shanu mayankar Kaase su ma sun san nasu, ba sa barin dabba ta faɗa wa gyauron dawa ko ƙaramar dawar da fari ya taɓa, saniya ta ci ta kumbura ta faɗi nan take, gubar dai ita ce.

Wanda ni nake tsoro, kuma matar muryar ba ta ambata ba, guda biyu ne. Na farko hayaƙin gobara. Katifar soso, kujerun kushin, roba, wasu yadudduka, in suna ci da wuta suna fitar da wannan iskar haɗe da sauran hayaƙi mai guba, kuma kowa ya ga yadda muke yi in kasuwa ta kama, kamar gobarar Kejetia ta 2023, mutane na kutsawa cikin baƙin hayaƙi don ceto kaya. Na san jari ne, na san bashi ne, amma hayaƙin shagon katifa ba na itacen girki ba ne.

Na biyu galamse, wato masu tonon zinariya ta bayan fage. Su da zaiba aka san su, kuma launin kokon da kuke gani a kogunan Pra da Offin da Ankobra taɓo ne ba sayanaid ba, a faɗi gaskiya. Amma yanzu abin ya fara shiga hannun ƙananan masu tono, musamman can arewa wajen iyakar Burkina, suna sayen ragowar ƙasar da aka riga aka wanke da zaiba, su haƙa rami su shimfiɗa leda ko su yi ɗan tankin siminti su jiƙa ta da sayanaid su tatso abin da ya rage. Babu ayari, babu na'ura a ƙirji, babu mai auna laim, yaro da silifas da tsumma a hanci. Kuma haɗa sayanaid da ƙasar da ke da zaiba yana cikin ayyukan da yarjejeniyar duniya kan zaiba, wato Minamata ta 2013, ta lissafa a matsayin mafi muni da ya kamata a daina, Gana kuma ta sa hannu, saboda shi sayanaid rana da iska na cinye shi a hankali, zaiba kuwa ba ta lalacewa, sai ma sayanaid ɗin ya narkar da ita ya sauƙaƙa mata bin ruwa ta shiga kifi. Yaran zango nawa ne suka tafi daji neman kuɗin nan? Kowa a layinmu zai iya ƙirga uku. Suna yi wa abin kallon kitse alhali rogo ne, rogon ma mai ɗaci. Kuma Offin ɗin nan ita ce ke cika dam ɗin Barekese da famfunan Kumasi ke sha.

In Allah ya kiyaye aka samu wanda ake zargin ya shaƙa ko ya haɗiya, a fitar da shi fili wajen iska ba tare da kai ma ka faɗa ciki ba, a cire masa kayan da suka jiƙe, kar a hura masa iska baki da baki, kuma don girman Allah a bar ɗura manja da madara, ba sa komai sai ɓata lokaci da shaƙe mutum. A kira 112 ko a nufi asibiti kai tsaye a gaya musu abin da ake zargi. Maganinta akwai, oksijin da wata allura 'yar gidan bitamin B12 da ke kama gubar ta zama bitamin ɗin ta fita a fitsari, fitsarin ya yi ja kwana da kwanaki, amma abu ne na mintuna.

Duk wannan bayanin da na yi wa Mma tana saurare tana kallona da idon nan na "yaron nan da surutu". Da na gama ta ce toh ita dai tun tana yarinya kakarta ta hana su cin ɗanyen rogo kuma ta hana a ba akuya ruwan matsar gari, ba sai an kira mata wani Bature ɗan Suwidin ba. Ta mayar da bokitin ɗaki. Kawu ya ce ledarsa fa, ai an yi alkawari, ta ce ya je Tema ya ɗauko nasa. Da daddare na ji ta tana ɗaukar murya tana turawa gurup ɗin, ta fi minti shida, kuma rabinta faɗa ne a kan wadda ta fara turowa.